Tukwane Shida, Duka Shuɗi

Laraba, 2 ga Nuwamba

Tukwanen iska na masu nutso a teku sun iso. Shida. Mijina Faki ya ɗauko su daga tashar jirgi a bayan mota, kowace a naɗe cikin buhu. Kuɗin kanumfarin bana kaf a cikinsu suke, har da na itatuwan nan da Mama ta bar mini. Na zauna a kan dakali ina ta kallonsu kamar wata sakarya.

Na hannu ne, daga wani shagon masu nutso da ya rufe a Unguja. Amma Fundi Ussi, gwanin tukwanen iska, ya leƙa cikin kowace da fitila kafin in saya, kuma shi ne ya koya mini cika tukunya tun ina wanke kaya a shagon nutso na otal. In ya ce abu lafiya, lafiya ne.

Na alminiyam na zaɓa. Faki na ƙarfe ya so, wai sun fi nauyi a ƙasan ruwa, ba sai ya ɗaura darma da yawa a ƙugu ba. Na ce ƙarfe, da gishirin garin nan? Shekara biyu tsatsa ta gama da su. Shekara tara na yi a shagon nan, in ban san komai ba a duniya na san wannan. Ya ce to Maman Nasra, ke ce injiniya. Da gatse ya faɗa, ni kuwa na karɓa.

Daga yau babu sauran sammakon zuwa Wete neman hayar tukunya. Injin cika iska namu, tukwane namu. Shi ya nutsa ya kwaso jongo, halittar nan mai kama da kokwamba da ake sayarwa, a ƙasan teku, ni in cika masa iska. Teku a kwance yake, haka kuma zai zauna har iskar arewa ta taso a tsakiyar Disamba. Sati shida ke nan. Allah ya sa albarka.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Na kwance bawul ɗin kowace na wanke cikinsu. Biyu akwai ɗan farin gari a ƙasa, ba mai yawa ba, ya fita. Na kife su a rumfa su tsane. Sai ga ruwan sama tun hantsi, ko alamar ɗaukewa babu. Tukunya kuwa ba a rufe ta da laima a ciki.

Baba ya leƙo da yamma, ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa ɗaya da zobensa. Wai tukunyar da ba a dafa komai a cikinta har ta ci kanumfarin shekara guda? Na yi dariya. Tun rasuwar Mama hannunsa ba ya iya zama. Shekara saba'in da huɗu, rabin jiragen garin nan shi ya sassaƙa su, yanzu matasa sun koma na roba ba mai kiransa. Ya ce ranar Litinin in ruwa ya janye zai kwantar da jirgin Faki a kan yashi ya gasa masa ciki da busasshen ganyen kwakwa, tsutsa ta mutu, katako ya bushe, sannan ya shafa fenti. Na ce madalla, ya samu abin yi.

Asabar, 5 ga Nuwamba

Bikin 'yar Goggo a Wete. Kwana uku. Tukwanen har yanzu a jiƙe.

Talata, 8 ga Nuwamba

Na dawo na tarar da su a jere a ƙofar rumfa, shuɗi shar, irin shuɗin jirgin Faki sak. Sai sheƙi suke. Baba na zaune a gefensu ya harɗe ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi, shikamoo Baba, ko amsawa da marahaba bai gama ba ya ce sa yatsa a ciki ki ji.

A bushe ƙayau. Duka shidan.

Fentin bai yi mini daɗi ba, ya cike lambobin da ke kafaɗarsu, sai na kankare. Amma yadda fuskarsa take, haba, wa zai yi magana? Rabon da in ga haƙoransa haka tun Mama na nan. Na ba shi alewar biki, ya ce gobe ma in akwai aiki in faɗa.

Gobe zan mayar da bawul in fara cikawa.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna shan shayi da mandazi, fanken garin nan, da safe Faki yake cewa, tsohon nan naki akwai dabara. Wai da ya ga tukwanen sun ƙi bushewa, sai ya jingina su a wutar ganyen da yake gasa jirgi. Yana faɗa yana dariya. Na ce wace wuta? Ya ce wutar jirgi mana, ba ki ga yadda suka bushe ba?

Kofin ya kuɓuce mini.

Na ce guda nawa? Bai sani ba, yana can yana riƙe da igiyar jirgi, hayaƙi ya rufe ko'ina. Ya dai hango. Me ya sa bai hana ba? Wai hana me?

Na kira Fundi Ussi. Na yi masa bayani. Sai ya ce, Zuwena, kar ki sa musu iska. Ko kaɗan. Ya ce alminiyam in ya sha wuta ƙarfinsa ya tafi, kuma ba ya nunawa a fuska. Tukunya na nan kyakkyawa, sai ranar da ta ga dama ta tarwatse, kuma yawanci a hannun mai cikawa. Ya taɓa shiga ɗakin da ɗaya ta fashe, babu rufi, bai ce komai game da mutumin da ke ciki ba, ni ma ban tambaya ba.

Na san wannan. Na sani tun a otal. Kawai ban taɓa tunanin sai na gaya wa ubana kar ya gasa tukunyar iska ba. Wa zai yi wannan tunanin?

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Na sami Baba a gindin mangwaro yana wasa gizago. Na zagaya, na zagaya, sannan na tambaya. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Biyu ne kawai, in ji shi. Waɗanda suka fi jiƙa.

Alhamdulillahi, na ce a raina, huɗu sun tsira. Na ce zo ka nuna mini. Ya bi layin, ya taɓa ta biyu, ya taɓa ta ƙarshe, ya dawo ya ce a'a, ba ta ƙarshe ba. Ya tsaya. Ya ce ai 'yata yanzu duk kamarsu ɗaya. Ya goge su duka da takardar yashi don fenti ya kama, baƙin hayaƙin da tsohon fentin duk sun tafi tare.

Da na fara gaya masa abin da Ussi ya ce sai ransa ya ɓaci. Shekara hamsin yana gasa jirage. Katako, katako fa, wuta ba ta kashe shi ba sai ƙarfe? Ya nuna madafa da gizagon ya ce, tukunyar da kike dafa mana wake ba alminiyam ba ce? Kullum tana kan wuta, ta taɓa fashe miki?

Har yanzu da nake rubutun nan ina jin akwai amsa, amma na kasa kamo ta.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Na sa musu lamba da gawayi, ɗaya zuwa shida.

Na ƙwanƙwasa su da cokali. Ta uku ta yi mini wata ƙara daban, kamar a dishe. Na ware ta. Bayan azahar na sake bugawa, ta uku lafiya lau, ta biyar ce ta dishe. Na sake. Duk suka zama ɗaya. Na sake. Duk suka zama daban.

Na shinshina bakin kowace. Warin fenti. Ta ɗaya kamar da hayaƙi, to amma ita ce kusa da madafa.

Na haska ciki da tocila, fari tas.

Na ɗora su a sikelin kanumfari, ban ma san abin da nake nema ba. Wuta tana rage nauyi ne? Oho.

Na kankare fenti a gindin kowace da wuƙa. Toka-toka, duk shida. Waɗanda suka fi jiƙa, in ji Baba. Ƙila masu farin garin nan ne. Su wa ke nan? Ni da hannuna na wanke shi.

Kaina ya ɗaure tam. Huɗu a cikin nan lafiyayyu ne, suna gabana, ina taɓa su, kuma ban san su ba.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Ta uku dai. Ko ta biyar.

Litinin, 14 ga Nuwamba

Vuai ya zo, abokin nutson Faki, da bakinsa da ba ya gajiya. Tun daga ƙofa yake kiran shemeji, shemeji, wato matar ɗan'uwa, wai na ji an ce kin sa tukwane a takaba. Na ce ka ji daidai.

Wai kawunsa yana da tukunyar da gobara ta cinye ɗaki a kanta, ya ciro ta a cikin toka ya yi shekara goma yana nutso da ita. Na ce ina kawun? Ya rasu. Me ya kashe shi? Ciwon suga, shemeji, ciwon suga! Faki har da ƙwalla don dariya. Ni ma na kusa, Allah na tuba.

Sai dabaru. A cika rabi kawai. A haƙa rami a sa tukunya a ciki, ni in tsaya nesa. Nesa ina? Tiyon injin kamu huɗu ne, kuma dole hannuna na kan bawul, idona na kan geji mai auna iska. Ya ce to a gwada su ɗaya-ɗaya, wadda ba ta fashe ba ita ce mai lafiya. Na ce wadda ta fashe fa, wa zai zo ya gaya maka? Ya ce kai, shemeji, ke komai sai kin kai shi maƙabarta.

Da suka fita na zauna ina tunani, rabin nan fa? Rabi ba cika ba ne. Amma rabi minti nawa zai ba Faki a ƙasa, kuma wa ya ce rabi bai isa ya fasa ta ba? Ban sani ba. Abin da ban sani ba ya yi yawa a makon nan.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Na sake kiran Ussi. Na fara da maganar tukunyar wake, don ta hana ni sakat. Ya ce tukunyar wakenki iska nawa take riƙewa? Murfi ma a sake yake. Waccan kuwa iskar da ta isa cika ɗan ƙaramin ɗaki ake dannawa a cikinta. Na ce haka ne. Ga amsa, da sauƙi haka, kuma ba zan iya kai wa Baba ita ba.

Na ce gwaji fa? A Darussalam ake yi, da kaiwa da jira da dawowa iskar arewa ta taso. Kuma ya ce ko sun ci gwajin, shi dai tukunyar da ya san an ambaci wuta a kanta ba zai sa mata hannu ba. Tana iya riƙewa yau, ta riƙe gobe, ta saki a cikawa ta goma. Ko a cikin jirgi da rana tsaka, a bayan mijinki.

Na ce to me zan yi?

Ki yanke musu wuya, duka shidan, kar wani ya tsinta ya cika.

Na kashe wayar a kunnensa. Mutumin da ya koya mini sana'a, wanda ban taɓa wuce shi ban gaishe shi ba. Duka shidan! Shi yana zaune a Unguja a ƙarƙashin fanka. In yanka huɗu masu lafiya saboda biyu? Shi ya hau itacen kanumfari? Shi ya shanya, ya kwashe, ya sake shanyawa duk lokacin da hadari ya haɗo?

Na tura masa saƙon ban haƙuri da la'asar. Ya amsa da kalma ɗaya. Yanke.

Juma'a, 18 ga Nuwamba

Jiragen mutane sun dawo da jongo cike da bokitai. Teku kamar an shimfiɗa tabarma. Faki yana zaune a kan jirginsa mai sabon fenti yana kallonsu. Ba zai iya komawa wurin mai hayar Wete ba, don ranar da tukwanenmu suka iso sai da ya je ya yi masa burga, har da cewa ya riƙe tsofaffin gwangwanayensa.

Da rana ya ce, Maman Nasra, huɗu cikin shida fa. Kullum da na shiga ruwa abin da nake ɗauka ya fi wannan. Na ce kai ke shiga ruwa, ni ke tsayawa a kan inji. Ya ce to ba ni in cika da kaina. Shi da bai san bambancin bawul ɗin sakewa da na cikawa ba! Da ya tafi masallaci na kwance fulogin injin na ƙulle a bakin zanena. Yana nan yana bugun cinyata duk inda na yi.

Abin da ya fi damuna Baba ne. Maganar ta zagaya gari, bakin Vuai mana. A majalisar ƙofar masallaci an fara kiransa Fundi mai gasa ƙarfe. Wani wai ya tambaye shi ko zai gasa masa babur. Yau bai tsaya a majalisa ba, daga sallama ya wuce gida. Abincin da na aika ya dawo a rufe.

Wani lokacin sai in ce ƙila ni ce na cika tsoro. Ƙila wutar ganye ba ta kai zafin da Ussi ke nufi ba, ganye ne fa, bal-bal ya mutu. Ƙila daga gefe ya jingina su. To me ya kawo baƙin hayaƙin da ya goge? Ina zuwa nan sai in koma farko.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Zan rubuta yadda ya faru, ƙila in gane.

Da hantsi ina shara sai ga Baba cikin farar rigarsa ta Juma'a da hula. Bayansa Faki da Vuai da wasu mutum uku na majalisa. Bai amsa gaisuwata ba. Ya shiga rumfa, ya jawo tukunya ɗaya, ko lambar bai duba ba. Ta huɗu ce. Ya ce in mayar mata da bawul. Na mayar. Ya jawo kujera 'yar tsugunne har gaban inji, ya zauna, ya sa tukunyar tsakanin gwiwoyinsa ya rungume ta.

Ya ce, kunna.

Na ce Baba. Ya ce ni na gasa, ni zan zauna. In ta fashe ta fashe da ni, in ba ta fashe ba kowa ya kama bakinsa. Kunna, Zuwena, ko sai na roƙe ki a gaban mutane?

Ban taɓa ce masa a'a ba. Shekara arba'in da ɗaya. Miji ma da ya ce Faki, na ce to. Na kwance bakin zane, na ɗaura fulogi. Wallahi wani ɓangare na zuciyata murna yake yi, an ɗauke mini zaɓin, ta huɗu ban taɓa zarginta ba ko sau ɗaya.

Na ja igiya inji ya tashi. Na buɗe bawul. Allurar geji ta fara hawa. Ashirin. Talatin. Tukunya cikakkiya ɗari biyu ce. Baba ya kwantar da tafin hannunsa a kafaɗarta yana kallon gabansa, leɓɓansa na motsi. Hamsin. Na ji ta fara ɗumi ta wajen wuya, haka kowace take yi, na sani, amma yau ɗumin ya shiga har cikina.

Sittin. Na ɗaga ido in dubi Faki.

Ba ya ƙofa. Yana can bayan katangar rijiya, kansa kawai ake gani. Vuai mai kawu ya fi shi nisa, yana bayan mangwaro. Mutanen majalisa sun kai bakin hanya. Duk masu cewa ba komai. A rumfar daga ni sai tsohon nan da farar rigarsa.

Saba'in. Na kashe inji.

Na ce tashi. Bai motsa ba. Na ce TASHI, Baba! Muryar da ta fito ban san ta ba, har kaji suka watse. Na fizge hannunsa daga kan tukunyar, na buɗe mata, iska ta dinga fita da ƙara, ni ma ina ta faɗa a cikin ƙarar. Na ce ka kashe su. Ka kashe mini tukwane, yanzu kuma kana so in kashe ka da hannuna don kar a yi maka dariya a ƙofar masallaci? Ba jirgi ba ne, Baba! Wannan ba aikinka ba ne, nawa ne, kuma ba ka tambaye ni ba!

A gaban mutane. A gaban surukinsa.

Iska ta ƙare. Baba ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe rigarsa, akwai shuɗin fenti a gwiwar. Ya fita ta gabansu bai dubi kowa ba.

Faki ya dawo yana cewa shi ruwa ya je sha a rijiya.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Na je gaida Baba. Ƙofa a rufe. Na ce shikamoo ta bayan ƙyaure, ban ji marahaba ba.

Ban san ko na yi daidai ba. Ta kai saba'in ba ta yi komai ba. Ƙila da ta kai ɗari biyu. Ƙila ina da tukunya mai lafiya na wulaƙanta ubana a banza.

Talata, 22 ga Nuwamba

Faki ya tafi Wete da sassafe ba tare da na ce masa komai ba. Ya dawo da tukwane biyu na haya da fuska a murtuke, ko me ya haɗiya a can bai faɗa ba. Na duba lambobinsu, na leƙa, na cika su. Shi da Vuai sun samu jongo rabin bokiti.

Shidan na nan a rumfa. Na lulluɓe su da tabarma don in daina ganinsu, sai na ga sun fi muni a haka, na yaye.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Bayan Faki ya fita teku na ji motsi a rumfa. Baba ne, da tsohon zanen aikinsa da zarton ƙarfe a hannu. Ya rame a kwana huɗun nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a hankali. Na fara cewa Baba ka yafe, ya ɗaga hannu. Ya ce mutumin naki na Unguja wuya ya ce a yanke ko? Na ce e. Ya ce to cire bawul ɗin da kika mayar, ki riƙe mini.

Na cire. Na kwantar da ta ɗaya a kan gungume na danne da gwiwa. Zarton ya shiga da sauƙi, garin alminiyam na zuba a kan ƙafata. Da wuyan ya faɗi na ji kamar a jikina. Ta biyu na daure. A ta uku na kasa riƙewa har tukunyar na gocewa, hawaye na ɗiga a kan fentin. Na ce Baba tsaya, ƙila waɗannan ukun da muka yanka duk lafiyayyu ne, ƙila sauran ma, ƙila...

Bai ɗago ba. Ya ƙarasa yankan, ya hure bakin zarton.

Ya ce ba biyu ba ne. Duka shidan na jera a wutar, har sai da fentinsu ya yi ƙuraje. Da na ga fuskarki ranar nan sai na ce biyu.

Na saki tukunyar ta gangara.

Sati biyu ina buga cokali. Ina shinshina, ina aunawa, ina zargin ta uku. Kuma ranar Lahadi da ya rungume ta huɗu, ya san ta sha wuta ke nan? Ko kuwa biyun ne gaskiya, yanzu ne yake yi mini ƙarya don in ci gaba da riƙewa? Fuskarsa ba ta nuna komai ba, gumi kawai. Duk wadda na ɗauka a cikin maganganunsa biyu, ba sauƙi.

Na buɗe baki in tambaye shi. Sai na ga ya riga ya jawo ta huɗu ya ɗora a gungume, ya aza zarton a wuyanta, bai fara ba. Yana jira na. Mutumin da ya shekara hamsin ba wanda ya taɓa nuna masa inda zai yanka.

Ya ce, nan?

Ya yi sama da yawa. Na sa yatsa na matsar masa da zarton ƙasa kaɗan. Na ce nan, Baba.

Ya yanka a nan.